Sanyin Shekara ta Biyu

Hammadu ya sake mutuwa da ƙarfe tara da kwata na safe.

Zaidu ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake karanta koren rubutun da ke fuskar kwamfuta: "Shekara 2, wata 12: Hammadu, masunci, ya mutu da yunwa." Sunayen sauran masunta goma sha bakwai suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Manoma suka rasa mai sayen geronsu, fatake suka daina zuwa, kafin shekara ta uku ta kama garin ya zama kango.

Wannan Hammadun ba mutum ba ne, 'yan layuka ne a cikin wasan kwamfuta da Zaidu ya yi shekara biyu yana rubutawa. Amma sunan mahaifinsa ne, wanda ya rasu shekara uku da suka wuce, kuma duk yawan maimaitawar abin bai sa Zaidu ya saba da ganin layin nan ba.

Wasan na dabara ne. Mai wasa shi ne sarkin wani gari a bakin tafki. Shi zai ce a sassaƙa jirgi ko a gina rumbu, a kai bandar kifi kasuwa yau ko a riƙe sai ta yi tsada, ya yi gasa da garuruwan ƙetare. Amma kafin a kai ga sarki sai garin ya iya ci da kansa, a kama, a noma, a saya, a sayar, farashi ya hau ya sauka ba tare da kowa ya sa hannu ba. Nan ne abin ya cije. Garin Zaidu bai taɓa ƙetare sanyin shekara ta biyu ba.

Malam Maikuɗi, mai kula da sito, ya leƙo ta ƙofa da makullansa a hannu.

"Malam Zaidu, motar Birnin Kebbi ƙarhe huɗu za ta iso. In iske an naɗe wayoyi. Man janareta kuma na auna shi, bai hi na awa uku ba. In dai kartar nan taka kaka yi, kashe muna shi."

"Ba karta ba ce, Malam."

"To, ko mi ne ne."

Ya ja ƙofar ya tafi. Aikin ƙidayar masunta da aka kawo kwamfutar dominsa ya ƙare tun watan jiya, hedkwata kuma ta aiko a mayar mata da kayanta. Daga gobe Zaidu zai koma kan tafireta. A duk faɗin Yelwa a shekarar 1996 bai san inda zai sami wata kwamfuta da za a bar shi ya taɓa ba. In garin nan bai rayu yau ba, to sai dai ya zauna a cikin ɗan faifan disket a matsayin garin da yunwa ke cinyewa kullum.

Ya fita ya kashe janareta don ya tattala man, ya dawo ya shimfiɗa babbar takardar da ya zana ajujuwansa a kai.

A yaren C++ da ya koya a makaranta ba a rubuta mutane ɗaya-ɗaya. Aji ake ƙerawa, kamar akwatin buga bulo, ka yi akwati ɗaya ka buga bulo ɗari. A saman takardar akwai ajin Mutum, mai suna da shekaru da ciki mai jin yunwa. Daga shi layuka uku suka sauko zuwa 'ya'yansa: Masunci, Manomi, Farke. Kowanne ya gaji duk abin da Mutum yake da shi, ya ƙara da nasa. Masunci ya san jefa taru. Manomi ya san shuka. A gefe ga ajin Kasuwa da ke ɗaga farashin abin da ya yi ƙaranci, ga Jirgi, ga Rumbu. Zane ne mai tsabta, irin wanda malaminsa zai ba wa maki tara cikin goma. Matsalarsa ɗaya ce, yana kashe mutane.

Ya san inda ciwon yake. Alƙaluman kamun kifi na gaskiya ya saka, waɗanda shi da kansa ya buga wa ofis wata-wata. In ruwa ya cika sanyi ya sauka, kamu yakan faɗi ƙasa warwas. Sanyin farko masuntan wasan sukan lallaɓa da ɗan abin da suka fara da shi, na biyu kuwa ba su da abin da za su ba da a ba su gero. Ya gwada karya farashin gero, manoma suka mutu. Ya gwada ninka kifin, kasuwa ta cika ta batse, banda ta zama ba mai ko taya ta. Da ya so da ya yi ƙarya ya cika musu ciki da hannunsa, amma ransa bai ba shi ba. Ai mutanen bakin tafkin nan suna ƙetare sanyi kowace shekara, ba wanda ke danna musu madanni.

Ba shi da wanda zai tambaya. Philip, abokinsa na makaranta da suka faro tunanin wasan tare, ya sami aiki a Legas, wasiƙunsa suka yi ta gajarta har suka tsaya. A ofis kuwa kwamfutar ce talabijin ɗin da ba ya kama tasha, Zaidu kuma shi ne bawan Allahn da ke zaune gabansa yana magana shi kaɗai. Sau ɗaya ya gwada yi wa akawun ofis bayanin gado tsakanin ajujuwa, mutumin ya saurara da ladabi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi ko ya yi aure.

Wajen sha ɗaya kansa ya ɗau zafi. Ya ninke takardar ya sa a aljihu ya gangara bakin ruwa.

Ranar kasuwa ce. Jirage sun yi layi tun daga matsaya har inda ido ya ƙare, manya masu inji da ƙananan kwalekwale a tsakaninsu. Warin banda da na albasa sun gauraye da hayaƙin mai. Ana ta sauke buhuna, 'yan dako na ihu a ba su hanya. Zaidu yana ratsawa da farar rigarsa da alƙalami biyu a aljihu, ba ya kallon kowa.

"Zaidu! Ɗan Hammadu! Wuce ni za ka yi awa ba ka san ni ba?"

Baba Ɗangana ne, ƙanin mahaifinsa, zaune kan buhu ya ɗora malfa a gwiwa. Zaidu ya dawo da sauri ya durƙusa.

"Wallahi ban gan ka ba, Baba. Ina wuni? Ya mutanen gida? Ya Inna?"

"Tana nan lahiya lau. Duk jirgin da ya komo daga Yelwa sai ta tambaya ko ka aiko da magana."

Zaidu ya sunkuyar da kai. Shekararsa uku da dawowa Yelwa, amma Tungar Tamada, ƙauyensu, ranar Sallah kaɗai ke kai shi, shi ma a motar ofis ta hanyar tudu, ya wuni ya juyo. Yana ɗan shekara shida kawunsa ma'aikacin jirgin ƙasa ya ɗauke shi zuwa Zariya. Yaren gida ya zube masa a hanya. In ya je yanzu sai tsofaffi su juya zuwa Hausa dominsa, hira ta yi sanyi, kowa yana jiran ya tashi a ci gaba. Don ya kauce wa maganar mahaifiyarsa sai ya dafa buhun da ke kusa da shi.

"Dillancin albasa ka koma, Baba?"

"Dillancin mi? Tawa ta. Buhu tara, ni da hannuna na ba ta ruwa."

"Kai? Ai a takardarmu masunci ne kai. Ni na buga sunanka."

Baba Ɗangana ya yi dariya har malfar ta faɗi.

"Ma'aikacin naku ya iske ni ina ɗunkin taru, ya ce mi kaka yi, na ce su. Ya ce gida guda aka cikawa a takarda, ba a cika biyu. Da ya zo da sanyi ai da ƙwarya zai iske ni, da yanzu manomi ni ke wurinku."

"To in kifi ya ɓace da sanyi…"

"In ruwa ya cika, kihi ya shige ciyawa, sai mu zamna muna kallon ruwa? Mu aje taru mu ɗauki ƙwarya mana. A yi fangali bakin gaɓa, a dasa, a yi ta ɗibar ruwa ana watsawa sahe da marece. In an cire albasa ruwa ya fara ja, a koma ma taru. Da damina ga gero bisa tudu. Wa zai tsaya ga abu guda, yunwa ta kashe shi?"

Zaidu ya ji takardar da ke aljihunsa ta yi masa nauyi. Ya san ana noman albasa a bakin tafki, wa bai sani ba? Amma takardun ƙidaya dubu huɗu ya buga, kowacce da gida ɗaya a cike, har ya zauna masa a kai cewa masu albasa daban, masu kifi daban, a kasuwa suke haɗuwa.

"Har Baba ma?" ya tambaya a hankali.

"Wane Baba? Hammadu?" Tsohon ya dube shi da kyau. "Albasar da aka kai maka Zariya duk shekara, daga sama taka hwaɗowa?"

"Na zaci da kifi yake musanyo ta."

Baba Ɗangana ya buɗe baki zai sake dariya, sai ya fasa. Ya ɗauki malfarsa ya kaɗe.

"Kai," ya ce. "Ashe dai ba ka san shi ba."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba, kuma shi ya sa ta fi zafi. Sau uku kacal aka kawo Zaidu gida yana yaro, duka da damina, duka kuma a cikin jirgi ya ga mahaifinsa. Duk takardar makarantar da ta tambayi sana'ar uba, masunci ya rubuta. Kowace shekara rabin buhun albasa yakan iso gidan kawu, matar kawu ta yi ta yabon girmanta, shi kuwa bai taɓa tambayar hannun da ya shuka ta ba. Kunya ta kama shi, baƙin ciki ya biyo bayanta, ya rasa wadda zai fara haɗiyewa.

"Jirginmu bayan la'asar zai tashi," in ji Baba Ɗangana. "Akwai sauran cira a gonarshi, ni ka noma ta don innarka. Ka taho mana."

"Ina da aiki yau, Baba."

"Kullum kana da aiki. To, Allah shi taimaka."

A hanyar komawa ya tsaya a inuwar wani shago ya buɗe takardar a kan gwiwarsa. Kuskuren na nan a fili, a layuka ukun nan da suka sauko daga Mutum. Ya mayar da su jinin mutum, alhali abu ne da ake riƙewa a hannu a ajiye. Hammadun wasan an buga shi a akwatin Masunci, don haka ko gaɓa ta cika da albasa ba shi da hannun da zai taɓa ta. Zaidu ya ciro jan alƙalami ya soke layukan uku. Ya zana sabon aji a gefe ya sa masa suna Sana'a, ya ba shi 'ya'ya: Su, Noma, Fatauci. Daga Mutum ya ja layi ɗaya zuwa gare shi, ya rubuta a kai: abin da ke hannunsa.

A takarda minti biyar ne. A kwamfuta kuwa rushe gini ne tun daga tushe, don babu inda bai kira sunan Masunci da Manomi ba, a Kasuwa, a Jirgi, a Rumbu.

Ya yi azahar a gurguje ya tayar da janareta ƙarfe biyu saura kaɗan. Ya kwashe jefa taru daga Masunci ya kai cikin Su. Ya ƙara wa Noma albasar rani, da sharaɗin sai mai ƙwarya da fili a bakin gaɓa. Ya rubuta wa Mutum sabuwar ɗabi'a, duk farkon wata ya dubi ruwa, ya dubi kasuwa, ya dubi abin da ya iya, in abin da ke hannunsa ba zai ciyar da gidansa ba ya ajiye ya ɗauki wani. Da ya ba kwamfuta ta haɗa, ta jero masa kuskure arba'in da ɗaya. Ya bi su ɗaya-ɗaya. Jirgi yana neman Masunci ya tuƙa shi, babu Masunci a duniya kuma. Kasuwa tana tambayar kowa wane iri ne shi kafin ta saya, sai da ya koya mata ta dubi kayan kawai. Ɗakin ya yi zafi, fanka ba ta aiki, gumi na ɗiga daga haɓarsa kan madannai. Sha tara. Bakwai. Aka kira la'asar, ya tashi ya yi a gefen tebur ya dawo. Biyu. Ɗayansu waƙafi ne da ya manta.

Huɗu saura kwata wasan ya fara aiki.

Shekara ɗaya ta wasan minti uku take ci. Ta farko ta wuce yadda ta saba har wata na goma, sai ga layin da bai taɓa gani ba: "Shekara 1, wata 11: Hammadu ya ajiye Su, ya ɗauki Noma." Masunta goma sha ɗaya suka bi shi. Shidan da suka rage a ruwa suka sami kifinsu ya yi tsada, don ya yi ƙaranci. Zaidu bai rubuta wannan ba, Kasuwa ce ta yi abinta. Shekara ta biyu ta kama. Ya riƙe bakin tebur. Wata na goma, na sha ɗaya, na sha biyu.

"Shekara 3, wata 1: mutane 64. Babu mutuwa."

Ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Ya juya zai ce wa wani ya zo ya gani. Babu kowa a ɗakin sai kabad ɗin takardu da tafiretar da ke jiransa a lulluɓe. Ya ɗaga kujerar ya zauna. Da sauri ya tura disket ya kwafe aikin, sannan ya bar garin ya ci gaba.

Ana cikin shekara ta biyar ya ji tsayuwar mota. Malam Maikuɗi ya shigo, direba a bayansa ɗauke da kwali.

"Haba Malam Zaidu! Na ce in iske an naɗe wayoyi."

"Minti biyar, Malam. Don Allah."

"Mutumin ga Birnin Kebbi zai koma yau."

"Minti biyar kawai."

Malam Maikuɗi ya dubi agogo, ya dubi rigar Zaidu da ta jiƙe sharkaf, ya yi tsaki maras ƙarfi ya jingina da bango.

Zaidu kansa bai san abin da yake jira ba. So yake dai ya ga iyakar inda za su kai. Fatake sun ƙaru zuwa biyar. An sassaƙa sababbin jirage biyu. Albasa ta karye a shekara ta biyar saboda kowa ya noma, ta shida wasu suka ƙi ta. Sai a farkon shekara ta bakwai wani layi ya fito:

"Shekara 7, wata 4: Zaidu ya kai shekara 12. Ya ɗauki Su. Jirgi: na Hammadu."

Ya manta da shi sarai. Tun makon farko da ya fara wasan ya ba kowane gida 'ya'ya, ya sa wa Hammadu ɗa ɗan shekara shida, ya rubuta cewa yaro in ya kai sha biyu ya kama abin da ke hannun ubansa. Ba a taɓa kaiwa wurin ba, don yaron yakan bi ubansa a sanyin shekara ta biyu.

Malam Maikuɗi ya matso ya leƙa ta kafaɗarsa.

"Ah, ga sunanka nan. Kai ka ci ke nan?"

"A'a. Ban ci komai ba."

Watanni suka ci gaba da sauka. Kamu mai kyau a na biyar. An kai banda kasuwa a na bakwai. Zaidu bai ƙifta ido ba har wata na sha ɗaya ya zo: "Hammadu ya ajiye Su, ya ɗauki Noma. Zaidu ya ajiye Su, ya ɗauki Noma."

Ya kai hannu bayan kwamfutar ya kashe ta da kansa. Shi ya naɗe wayoyin, shi ya sa ta a kwali, ya cusa tsofaffin jaridu a gefe don kada ta girgiza a hanya. Ya sa hannu a takardar Malam Maikuɗi. Motar ta fita daga harabar ofis, aka kashe janareta, wurin ya yi tsit.

Ya daɗe a tsaye da disket a aljihun gaba, bayan alƙalumansa biyu. Ɗakinsa na haya yana hagu. Ya yi dama.

Kasuwa ta fara watsewa. Inda Baba Ɗangana ya zauna babu komai sai ɓawon albasa, jirginsu ya tashi tun ɗazu. Zaidu ya bi layin jiragen da suka rage yana dubawa, sai ya gane bai san wanne ke bi ta garinsu ba, bai ma san ta wane gefen tafkin ake nufarsa ta ruwa ba. Ya tsaya gaban wani dattijo mai jirgi da ke kwance igiya.

"Salamu alaikum. Baba, don Allah wane jirgi ne ke bi ta Tungar Tamada?"

"Wanga shina bi, in ka yi sauri." Dattijon ya dube shi tun daga takalmi har tabarau. "Baƙo ne kai? Wurin wa za ka?"

"Gida za ni. Ni ɗan Hammadu ne, marigayi."

"Hammadu mai albasa?"

Zaidu ya buɗe baki, kalmar da ya yi shekara ashirin yana rubutawa a takardu ta zo masa har kan harshe. Ya haɗiye ta.

"E," ya ce. "Shi."

Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya taka cikin ruwan.